Jerin “kashi biyu cikin ɗari” da maƙalar da ta shekara 55 tana jiran ɗakin haihuwa

Duk shekara idan jerin sunayen nan da ake jingina wa Jami'ar Stanford ta Amurka ya fito, na masanan da aka ce suna cikin kashi biyu cikin ɗari mafi tasiri a duniya, jami'o'inmu sai su cika da murna. Ofishin yaɗa labarai ya fitar da sanarwa, hotuna su mamaye Facebook, shugaban jami'a ya ce an fitar da ƙasa kunya. Kaɗan ne ke tsayawa su faɗa wa jama'a cewa jerin lissafi ne da Farfesa John Ioannidis da abokan aikinsa ke haɗawa daga Scopus, rumbun bayanan maƙalolin bincike na kamfanin Elsevier, kuma abin da yake ƙirgawa shi ne sau nawa wasu marubuta suka ambaci rubutunka. Wannan ƙidaya tana da amfaninta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muka mayar da ita ma'aunin darajar likita mai bincike, a Najeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 sun mutu a dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2023 kaɗai, fiye da rubu'in dukkan irin wannan mutuwa a duniya.

Duk mai ganin yawan maƙaloli shi ne aikin, ya nemi tarihin Utako Okamoto ya karanta.

An haife ta a Japan a 1918, ta kammala karatun likita a Tokyo a 1941, ta koma Jami'ar Keio bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙasar ke cikin talauci kuma ɗakunan bincike ba su da kayan aiki. Ita da mijinta Shosuke Okamoto suka karkata ga nazarin jini, kuma ta bayyana dalilin da kanta daga baya: idan abin gwaji ya ƙare, za su iya ɗiban nasu jinin. Ta yi aiki da goyon 'yarta a baya saboda babu mai raino. Da ta fara gabatar da bincikenta a gaban taro, maza daga cikin masu sauraro sun yi mata ba'a. Ba ta bar fagen ba, kuma tambayar da ta sa a gaba ɗaya ce: me zai tsayar da jinin matar da ta haihu?

Jiki yana da ayyuka biyu da ke tafiya tare. Idan jijiya ta tsage, wani sinadari da ake kira fibrin yana saƙa raga a bakin raunin, ƙwayoyin jini su maƙale a ciki, gudan jini ya toshe wurin. A gefe guda kuma akwai plasmin, wanda aikinsa warware wannan ragar domin kada jini ya daskare inda ba a so. Bayan haihuwa, musamman bayan fitar mabiyiya, ɓangaren warwarewa yana ƙara ƙarfi cikin gaggawa, har ya riƙa kwance gudan tun kafin ya gama kamawa. Okamoto da mijinta suka nemo ƙwayar da ke kama da lysine (ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin a jiki), wadda ke toshe gurbin da plasmin ke bi ya maƙale wa fibrin. Sun fara da wani sinadari mai rauni a shekarun 1950, sannan a 1962 suka wallafa labarin wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, wato tranexamic acid, a mujallar likitanci ta jami'arsu ta Keio.

Da a gaban kwamitin ƙarin girma na yau aka ajiye wannan, za a ce maƙala ɗaya ce a mujallar gida, a ba ta maki kaɗan a wuce. Abin da ya biyo baya ya fi haka ciwo. Ta nemi likitocin mata na ƙasarta su gwada maganin a kan zubar jini bayan haihuwa, suka ƙi. Aka riƙa amfani da shi wajen cire haƙori ga masu cutar da jininsu ba ya daskarewa, da matan da jinin al'ada ke yi wa yawa, da wasu ayyukan tiyata, amma matar da aka ƙirƙiro shi dominta ta ci gaba da mutuwa a kan gadon haihuwa gomman shekaru, daga Asiya har Afirka. Sai a 2010 gwajin CRASH-2, a kan mutane 20,211 da suka ji munanan raunuka a ƙasashe 40, ya nuna maganin yana rage mutuwa. Sai kuma a watan Afrilun 2017 mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin WOMAN, wanda Haleema Shakur da Ian Roberts na makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan suka jagoranta: mata 20,060 a asibitoci 193 na ƙasashe 21. Mutuwa saboda zubar jini ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda aka yi wa allurar cikin awa uku da haihuwa. Okamoto ta rasu a Afrilun 2016 tana da shekara 98, shekara guda kafin a buga sakamakon.

Mata fiye da 5,000 daga cikin waɗanda aka yi gwajin da su 'yan Najeriya ne. Matanmu ne suka ba duniya hujjar, da jikinsu, a lokacin da suke tsakanin rai da mutuwa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu ji nauyin a ce yau akwai ɗakin haihuwa ɗaya a ƙasar nan da babu wannan allura a ciki.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da umarni a fili: giram ɗaya ta jijiya, a hankali cikin minti goma, a ƙara na biyu idan jinin bai tsaya ba bayan rabin awa. Wani nazari da ya haɗa alƙaluman manyan gwaje-gwajen biyu ya nuna duk jinkirin minti 15 yana cinye kashi goma cikin ɗari na amfanin maganin, kuma bayan awa uku ba ya ƙara komai. Yanzu ka auna wannan da abin da kowa ya sani yana faruwa a ƙananan asibitocinmu, inda ake rubuta wa miji takarda a ce ya ruga kemis da tsakar dare, ya dawo a sake tura shi neman ledar jini. Maganin ba shi da tsada, kuma ba ya buƙatar firji, saɓanin oxytocin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, wadda zafi ke lalatawa idan wuta ta ɗauke. Ba mu da uzurin kuɗi, ba mu da uzurin lantarki.

Masu kare jerin sunayen za su ce shi ke jawo tallafin bincike daga waje. To, mai ba da tallafi na gaskiya tsarin gwajinka yake dubawa, ba hoton taya murna ba. Wasu kuma suna kawo gwajin WOMAN-2 na 2024, wanda bai ga amfanin yin allurar a matsayin rigakafi ga mata masu ƙarancin jini ba, kamar hakan ya soke amfaninta ga wadda jini ya riga ya ɓalle mata. Tambayoyi biyu ne daban, kuma duk likita ya san haka.

Ba sai mun je Japan neman misali ba. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tana cikin jagororin gwajin E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda ya shafi mata fiye da 210,000 a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Ba su ƙirƙiro sabon magani ba. Sun shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin ungozoma ta daina ƙiyasin jini da ido, sannan da zarar ya kai mizani a yi komai a lokaci guda: murza mahaifa, oxytocin, allurar Okamoto, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba idan abin ya gagara. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa saboda zubar jini, ya sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6 cikin ɗari. Irin wannan aiki shekaru yake ci, na horar da ungozomomi da jayayya da masu kula da ɗakin ajiyar magani da tattara alƙaluma asibiti bayan asibiti, kuma a ƙarshe maƙala kaɗan yake haifarwa. Matashin likitan da ke kallon ƙa'idar ƙarin girma ya san hanya mafi sauƙi: ya raba takardar tambayoyi ga ɗalibai, ya tsaga sakamako ɗaya gida uku, ya biya mujallar da ke buga duk abin da aka aiko mata. Tsarin ne ya koya masa haka, kuma shugabannin da ke buga sanarwar taya murna su ne masu riƙe da tsarin. Na ɗora musu laifi kai tsaye.

Babban giɓin ma yana can inda bincikenmu bai cika leƙawa ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna a arewa maso yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sauran a ɗaki suke haihuwa, a hannun ungozomar gargajiya ko uwar miji, inda babu mai iya neman jijiya, kuma sau da yawa ana ɗaukar zubar jinin a matsayin wankin ciki har sai mai jego ta fara ganin jiri. An fara gwada yin allurar a tsoka maimakon jijiya, wanda idan ya tabbata zai sa ma'aikacin lafiya na ƙauye ya iya yi. Wannan tambaya tamu ce fiye da kowa, kuma ya kamata a ce jami'o'in Sakkwato da Zariya da Maiduguri suna rige-rigen amsa ta.

Ya kamata hukumar kula da jami'o'i ta sake duba ma'auninta, ta ba da maki ga binciken da ya canza yadda ake aiki a asibiti. Majalisun jami'o'i su daina karɓar maƙalolin mujallun kasuwa. Kwamishinonin lafiya na jihohinmu kuwa su fito su faɗa mana ɗakunan haihuwa nawa ne ke da wannan allura da ledar auna jini a ajiye, da sunan jami'in da za a tuhuma idan suka ƙare ba a sake kawowa ba.