Digirin Tonon Rami

Ɗan Boko ya dawo hutu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya tarar da mahaifinsa a zaure tare da Jauro, Bafulatanin da ke yi masa kiwon shanu.

Alhaji: To, ga shi shekara uku ina biyan kuɗin makaranta, har yau ban san ko likita nake raino ko lauya ba. Ka faɗa mini a gaban shaida, me kake karantawa?

Ɗan Boko: Baba, ilimin kufai nake karantawa, wato mu tona ƙasa a inda mutanen dā suka zauna, mu gano yadda suka rayu daga abin da suka bari.

Alhaji: Madalla! Ashe tukunyar zinariya ake koya muku nema. Buɗe jakar mu gani, Jauro ba baƙo ba ne.

Ɗan Boko: Ga hotunan abin da muka samo a gindin dutsen Kufena: tsingaro ne, da kashin maƙera, da ɗan gawayi.

Alhaji: Inna lillahi! Tsingaron da uwarka take sharewa kullum a bayan madafa, shi ne ka tafi har Zariya nema, kuma da kuɗina?

Ɗan Boko: Ai gawayin nan shi ke faɗa mana shekarun wurin, Baba. Akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira kabon 14, wanda rabinsa yake ƙarewa a duk shekara 5,730, saboda haka idan aka auna abin da ya rage, sai a san lokacin da aka sare itacen.

Alhaji: Wannan sinadari na san shi, domin da irin wannan saurin ne bashin da nake bin Jauro yake raguwa.

Jauro: Alhaji, a bar tone-tone, tunda ga mai digirinsa a zaune.

Ɗan Boko: Kada ku raina ƙasa, Baba. A 1943 an tono wani kan mutum-mutumi na yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da garin Jama'a da ke jihar Kaduna ta yanzu, wanda ya ɗauka ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye, sai da Bature Bernard Fagg ya gani ya gane cewa aikin mutanen Nok ne, masu tarihin fiye da shekara 2,000.

Alhaji: Tsuntsayen sun gudu?

Ɗan Boko: An ce ya yi aikinsa.

Alhaji: To, ya fi ka amfani a gona.

Ɗan Boko: Ga wanda ya fi wannan. A 1987, a ƙauyen Dufuna da ke jihar Yobe ta yanzu, an ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8 a ƙarƙashin ƙasa, kuma da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi.

Alhaji: Wane farfesa ne ya gano shi?

Ɗan Boko: Gaskiya wani Bafulatani ne makiyayi, yana haƙa rijiya don shanunsa.

Jauro: Allahu akbar! Maimaita da ƙarfi, yaro, kunnen Alhaji ya yi nauyi.

Alhaji: Wato wanda bai biya ko sisi ba ya samo jirgi, kai kuma da na sayar da bijimi biyu dominka ka samo tsingaro. Shi ke nan, rijiyar gidan nan ta ƙafe tun bara, gobe da asuba ka shiga ka nuna mana ilimi.

Ɗan Boko: Ai mu ba da diga muke aiki ba, Baba. Da cokalin magina da burushi muke kankare ƙasa sannu a hankali, muna aunawa muna rubutawa, wani lokaci mu wuni ba mu wuce taki ɗaya ba.

Jauro: Alhaji, ka ba ni aikin rijiyar kawai. Idan ruwa ya fito naka ne, idan kuma jirgi ya fito, a cire bashin a ciki.