Mage ta samu gata, birin dare yana ƙarewa

Masu iya magana sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. A nan Peru inda nake zaune, wanda ake gani kullum shi ne ɗan gata. Ka je dandalin Kennedy da ke unguwar Miraflores a Lima, maguna ne birjik a kan bencina da cikin furanni, 'yan sa-kai na kawo musu abinci da magani. Ban ga laifinsu ba. Mu ma a gida ba a wulaƙanta kyanwa, ko baki ta sa a ruwa malamai sun ce bai hana alwala.

Sai dai ƙasar nan tana da dabbar da babu ita ko'ina a duniya, wato birin dare na tsaunukan Andes, wanda masana ke kira Aotus miconax, a dazuzzukan yankunan Amazonas da San Martín can arewacin ƙasar. Nauyinsa wajen kilo 1, bai kai rabin ƙosasshiyar mage ba, ga idanu dara-dara sun cinye fuska. Ka haska mage da tocila idonta zai yi ƙyalli, don akwai shimfiɗa a bayan ƙwayar idon mai maido da haske. Shi ba shi da ita, da girman ido kawai ya dogara, shi ya sa ya fi walwala a daren farin wata.

Wajen haihuwa ne aka yi masa nisa. Mage cikin wata 2 take yi, ta zubo 4 ko 5, kafin shekara ta zagayo ta sake. Birin kuwa ɗa 1 ne a shekara, miji ɗaya mata ɗaya, kuma uban ne mai goyo, uwa sai shayarwa. Ana sare dajinsa ana gonar kofi da makiyayar shanu, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. In aka rushe gida mage ta tsallaka maƙwabta. Shi da ke wuni a kogon bishiya, ina zai nufa?

Ga kuma bashin da yake bin mu. Danginsa na kurmin Amazon an daɗe ana kama su ana gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jikinsu, cutar da ke ɗauke mana yara duk damina. Ni dai in ina da abin bayarwa, masu gadin dajin San Martín zan ba.