Tsofaffin tallan magani a jaridun Amurka ba shaidar inganci ba ne

Kwanan nan naga ana ta yawo da hotunan tallace-tallacen jaridun Amurka na shekarun 1800, wai a duba yadda mutanen wancan zamani suke da gaskiya, maganinsu ma sai da gwamnati ta tantance tunda ana ce musu patent medicine, wato magani mai rajistar ƙirƙira. Gaskiya abin ba haka yake ba. Yawancin magungunan nan ko rajistar ƙirƙira ba su da ita, don in ka yi ta dole ka bayyana abin da ka zuba a kwalba, su kuma sirrin shi ne jarinsu, sai dai su kare sunan da tambarin kawai.

Dauki Mrs. Winslow's Soothing Syrup da ya fito daga Bangor a jihar Maine, a tallan za ka ga uwa ta rungume jaririnta cikin kwanciyar hankali ana cewa yana kwantar da yaro mai haƙori, to dole mana yaro ya yi shiru tunda mofin ne a ciki, wani sinadari mai sa maye da barci, wasu yaran daga wannan barcin ba su farka ba. Maganin Lydia Pinkham da mata suke sha shi kuma barasa ce kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Jaridun kuwa da wuya su tona, kuɗin tallan ne ke riƙe da su. Sai a 1906 aka yi dokar da ta tilasta rubuta mofin, hodar ibilis da barasa a jikin kwalba.