Wa ke duba idon mai duba jini?

Idan damina ta nutsa, daga Agusta zuwa Oktoba, layin ɗakunan gwaji a Sakkwato ba ya yankewa. A ɗiga jini a kan gilashi, a rina shi da wani rini mai suna Giemsa, ma'aikaci ya sunkuya a kan madubi, na'urar nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, yana neman wani ɗan zobe shuɗi mai ɗigon ja a gefe, wato ƙwayar zazzabin cizon sauro. Maganin da likita zai rubuta ya rataya ne a kan abin da idon nan ya gani. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da cutar ta hanyar gwaji kafin a ba da magani. Mun ji, mun sayi na'urori. Idon da ke bayan na'urar kuwa mun bar shi da halinsa.

Masu binciken gani sun daɗe da gano cewa ido koyo yake yi, ko a jikin baligi. A 1991 Avi Karni da Dov Sagi sun riƙa nuna wa mutane zane-zanen layuka a allon kwamfuta, kamar walƙiya, su faɗi yadda wasu 'yan layuka suka jeru a tsakiyar sauran. Cikin kwanaki mutanen suka gwanance. Amma da aka matsar da zanen zuwa wata kusurwar allon, ko aka juya layukan da ke kewaye, sai gwanintar ta zube, aka koma kusan farko. Ashe ido abin da ya saba da shi kawai yake ƙwarewa a kai. Wanda ya koyi aiki da gilasai masu tsabta a makaranta, ba lallai ne idonsa ya yi aiki a kan rinin da ya kwana biyu, mai cike da gari, a ɗakin da ƙurar hunturu ke shiga ta taga ba.

Bincike na biyu shi ya fi damuna. A 1997 Michael Herzog da Manfred Fahle sun gwada masu koyon rarrabe layuka biyu da suka ɗan goce wa juna. Waɗanda ake faɗa musu ko sun dace ko sun kuskure sun ci gaba sosai. Waɗanda aka yi wa shiru, ci gaban nasu ya zo a hargitse. Waɗanda aka riƙa ba su amsar da ba ta da alaƙa da abin da suka yi kuwa, koyon ma bai zauna ba.

Dillalin fatar jar akuya yana ɗaga fata sau ɗaya ya hango tsagar wuƙa ko tabon ƙazuwa da ni da kai ba za mu gani ba. Ba gado kaɗai ba ne. In ya yi kuskure, majemi zai dawo masa da ita, asarar ta shiga aljihunsa a makon. Mai duba jini fa? Ya rubuta "akwai maleriya", mara lafiya ya tafi, shi ke nan. Ko ya warke, ko sanƙarau ne ke cinsa aka yi ta ɗura masa maganin zazzabi, labari ba ya dawowa. Mutum sai ya shekara 20 a haka yana ƙara tabbata da kuskurensa, ana ce masa tsohon hannu.

Za a ce ai ƙwararre ƙwararre ne. To, a 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa a Boston sun saka hoton goggon biri a cikin hoton huhu, girmansa ya ninka ƙullutun da ake nema sau 48, suka ba likitocin hoto 24. Ashirin ba su gan shi ba, alhali na'urar bin ƙwayar ido ta nuna yawancinsu sun kalli wurin. Abin da ido ya fito nema shi yake gani. A garin da kowa ke jiran a ce masa maleriya ce, har da mara lafiyar da zai ɓata rai in aka ce ba a ga komai ba, ɗigon rini ma yana iya zama ƙwayar cuta.

Wasu kuma za su ce katin gwajin gaggawa ya raba gardama. Yana da amfani ƙwarai, musamman a ƙauye. Sai dai ba ya ƙirga yawan ƙwayoyin, kuma yana iya nuna akwai cuta makonni bayan an sha magani an warke. Madubi na nan daram.

Abin da ake buƙata ba sabuwar na'ura ba ce. Kowane wata a ɗebi wasu gilasai daga kowane ɗakin gwaji, na gwamnati da na kuɗi, wani gwani ya sake dubawa ba tare da ya ga amsar farko ba, sannan a zauna da ma'aikacin a gaban madubi a nuna masa inda ya goce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wannan tsari a rubuce, har da jarrabawar da ke raba masu duba jini mataki huɗu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na yaye masana gwaje-gwajen asibiti, saboda haka masu sake dubawar ba sai an ɗauko su daga Abuja ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada a mai da abin hanyar kora ko yanke albashi, domin ranar da aka yi haka, gilasan da ake shakka a kansu ba za su isa hannun mai dubawa ba.