Karin maganar Turanci da tukwanen da suka fito ciki

Ƙanina da ke shirin JAMB ya kawo min takardar karin maganar Turanci da aka ba su su haddace. Ya ɗora yatsa kan "bring home the bacon", ya yamutsa fuska ya ce, "Yaya, ni me ya haɗa ni da naman alade?" Na ce babu, kai dai ɗauka an ce magidanci ya fita ya samo na cefane. A 1906 ma mahaifiyar Joe Gans, ɗan damben Amurka, da wannan maganar ta aika masa ta wayar tangaraho kafin karawarsa da Battling Nelson a Nevada. Gans ya yi nasara, jaridu suka yayata maganar.

Ni dai a ganina haddar nan wahala ce kawai. Bature da abin da ke kan teburinsa yake magana. Mutanen Ingila shayi ya riga ya shiga jininsu, don haka in abu bai kwanta musu ba sai ka ji "not my cup of tea". In kuma ana tada jijiyar wuya kan abin da bai taka kara ya karya ba, "a storm in a teacup" ne, wai guguwa cikin kofin shayi. Wani lokacin har kusan haɗuwa muke yi. Mai tona asiri a wurinsu wake ya zubar, "spill the beans", mu a wurinmu ƙwai ya fasa.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne inda muka raba hanya. Su sun ce "too many cooks spoil the broth", yawan masu girki ke ɓata romo. Mu mun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kamar musu, ko? Amma duba da kyau. Bature yana bakin murhu yana ƙirga masu dafawa, Bahaushe yana bakin akushi yana ƙirga masu ci.

Sai gishiri, nan ɗalibai ke zamewa. Mu in an ce an ƙara gishiri, mai ba da labari ne ya zuzuta. Su kuwa a "take it with a pinch of salt" mai sauraro ne ke riƙe da gishirin, ana ce masa kada ya haɗiye maganar duka. Kafin in kai aya Ƙanina har ya rubuta "ƙarin gishiri" a gefen takarda. Na miƙa masa biro na ce ya soke.