Elizabeth Cotten ba ta sauya tsirkiyoyin jitarta ba

Da yawa daga masu koyon kiɗan bulus (blues) na ɗauka cewa Elizabeth Cotten, bahaguwar makaɗiyar nan ta jihar North Carolina a Amurka, ta sake jera tsirkiyoyin jitarta ne don su dace da hannun hagu. Zaton ba laifi ba ne, domin haka shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix ya yi, haka kuma bahagwai da yawa ke yi.

Ita kam jitar na-dama ta ɗauka ta kifa ta kawai, tsirkiyoyi shida suna nan yadda suke. Sai masu kaurin suka koma ƙasa, sirarran suka hau sama. Shi ya sa ɗan'alinta ke bugun amo mai kauri, yana kai-komo tsakanin tsirkiyoyi biyu, babban yatsa kuma yana fitar da karin waƙar. Sauran makaɗa akasin haka suke yi. Naman babban yatsa ya fi taushi, kuma daga nan laushin sautinta ya fito.

Wannan kuskure yana ɓata wa ɗalibi lokaci. Wanda ya sauya tsirkiyoyi, sannan ya kalli bidiyonta yana kwaikwayon yatsunta, zai ji komai ya fito a birkice, domin inda ta danna siririya shi mai kauri yake dannawa.

Tun tana yarinya ta koya wa kanta haka, babu malami. Ta ajiye jita shekaru da dama, sai a 1958 faifanta na farko ya fito, wanda makaɗi Mike Seeger ya naɗa. Ta samu lambar yabon kiɗa ta Grammy a 1985, ta rasu a 1987.