Amurka ta saki kasuwar jirgin sama a 1978, amma ina gasar ta tafi?

Duk sanda aka ta da zancen gwamnati ta cire hannunta daga wata harka sai ka ji an jawo misalin jiragen saman Amurka, wai ku duba yadda tikiti ya yi araha. Eh ya yi araha, ba musu, amma rabin labarin ake ba mu.

Kafin 1978 akwai wata hukuma ana ce mata CAB, ita ke yanka kuɗin tikiti tsakanin jiha da jiha, ita ke cewa wane kamfani zai bi wace hanya, kuma wajen shekara 40 ba ta bar wani sabon babban kamfani ya shigo ba. Tunda farashi ɗaya ne sai kamfanonin suka koma gasar abinci da kwalliya, har da masu sa fiyano a cikin jirgi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tona asirin tsarin shi ne kamfanin Southwest, da ya fara a 1971 yana zirga-zirga cikin jihar Texas kawai, Dallas da Houston da San Antonio, hukumar ba ta da iko da shi tunda bai tsallaka iyakar jiha ba, sai ga shi yana ɗibar mutane da araha kuma yana cin riba. Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar sakin kasuwa a Oktoban 1978, da tallafin masanin tattalin arziki Alfred Kahn wanda shi ke shugabantar hukumar a lokacin, a ƙarshen 1984 aka rufe ta gaba ɗaya.

Shekarun farko kam an ga gasa ta gaske. Sababbi irin People Express suka ɓullo, tsofaffin da suka saba da inuwar gwamnati suka fara zubewa, Braniff a 1982, Eastern da Pan Am duk a 1991.

To amma manyan da suka rage ba barci suke ba. Kowa ya kama birni guda ya mai da shi cibiya, Delta a Atlanta, American a Dallas, ya kwashe yawancin ƙofofin lodin fasinja na filin, kamar mutum ɗaya ya mallake duk layin lodi a tasha, kai da sabuwar motarka an ce kana da 'yancin shigowa amma ina za ka tsaya? A 1981 American ya fito da tsarin tara maki don riƙe matafiya na kullum, sannan da kwamfutarsa ta sayar da tikiti ya riƙa karya farashin wasu kujeru daidai hanyoyin da ƙananan ke bi, yana tsuga wa 'yan kasuwa sauran. Haka People Express ya kasa kai labari, a 1987 aka narkar da shi cikin Continental.

Inda ni nake ganin aka yi sakaci shi ne haɗewa. Delta ya haɗiye Northwest a 2008, United da Continental suka haɗe a 2010, Southwest ya sayi AirTran a 2011, American da US Airways a 2013, kuma duk gwamnati ta bari. Yau huɗun nan, Delta da United da Southwest da American, ke riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na zirga-zirgar cikin gida. Garuruwa irin Memphis da Cincinnati da suka rasa matsayin cibiya jiragensu sun ragu sosai. Kuma arahar ma ba duka ba ce, tun 2008 yawancin manyan suka fara cajin jakar farko, yanzu har zaɓen kujera kuɗi ne.



Masu son a koma zamanin CAB gaskiya ban bi su ba, don a wancan lokacin mai kuɗi kaɗai ke hawa jirgi. Sakin farashi daidai ne. Sai dai wanda ya saki farashi aiki sabo ya ɗaukar wa kansa, na tsaron ƙofofin filin jirgi da hana manya haɗiye juna, kuma Amurka ta farga ne bayan an gama rabon. A Janairun 2024 kotu ta hana kamfanin JetBlue sayen Spirit, wani ƙaramin kamfani mai arahar tikiti, don kare mai neman araha, kafin shekarar ta ƙare Spirit ɗin ya shigar da takardar fatarar kuɗi, ga manyan huɗu na nan daram ba wanda ya taɓa su.